Sayar da tsohon jirgin ruwa a Amurka: takarda da haraji sun fi jirgin ba da wahala

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau maganar jirgin ruwa zan yi, ba irin manyan nan na dakon kaya ba, ƙananan da mutane ke ja da mota zuwa tafki ranar Asabar su kama kifi ko su ɗan zaga da iyali, har da babur ɗin ruwa irin su Jet Ski na Kawasaki da WaveRunner na Yamaha da Sea-Doo. Mutanenmu da ke nan Amurka sun fara shiga harkar, musamman mu da ke Texas inda zafi yafi sanyi tsawo, amma abun da na lura shine kowa inji yake dubawa da fenti, a tada a ji ƙara a ce madalla, a ƙirga kuɗi a rabu, babu mai zama ya karanta takardar da aka miƙo masa. Kuma a ƙasar nan in takarda bata ce jirgi naka bane toh ba naka bane, ko da ya shekara goma a bayan gidanka.

Bara in fara da Texas tunda ita na sani ciki da waje. Kai abu ɗaya kake gani, jirgi da injinsa a kan tirela, wato ɗan keken da ake ɗora jirgin a ja shi da mota, amma a wurin hukuma abu uku ne kuma kowanne da takardarsa. Jirgin kansa yana da takardar mallaka daga hukumar Texas Parks and Wildlife, fom ɗinsa PWD 143. Injin da ake maƙalawa a baya shima yana da tasa takardar mallakar daban, daga hukumar dai, fom ɗin PWD 144. Ita kuwa tirela a matsayin abin hawa na titi take, ofishin haraji na gunduma ake zuwa, inda ake rajistar mota. Mutane da yawa basu san maganar injin ba kwata-kwata, su karɓi takarda ɗaya su tafi suna murna, bayan kuma a irin waɗannan ƙananan jiragen sau da yawa injin yafi gangar jirgin kuɗi. Ohio ma haka suke yi, jirgi mai ƙafa 14 zuwa sama da takardarsa, inji mai ƙarfin doki 10 zuwa sama da tasa, kuma su sai an sa hannu a gaban notari, wato mai izinin hukuma na shaida sa hannu, ya buga hatimi kafin a karɓa.

Wani mutumina da muke zumunci sosai shine ya sa na zauna rubuta wannan. Shekarun baya ya sayi jirgin kamun kifi mai ƙafa 17 da inji da tirela a Facebook Marketplace, dala 8,000 kuɗin jirgi da inji. Wanda ya sayar masa ya bashi takardar mallaka guda ɗaya, an riga an sa hannu a baya wurin mai sayarwa, wurin sunan mai saye da kwanan wata da farashi duk fayau babu komai. Yace masa ai ka cike da kanka duk sanda ka samu lokaci. Mutumin nawa ya lissafa yaga in yaje canja suna zai biya harajin kashi 6.25 cikin 100, wato dala 500 cif, ga kuɗin takardu, sai ya jefa takardar a durowa yace ai sitikar rajista bata ƙare ba tukuna, a Texas kuma rajistar jirgi shekara biyu take yi. Yayi ta shiga ruwa da shi har sitika ta ƙare, ya rufe jirgi da tamfol ya manta.

Da aiki zai maida shi wani gari sai ya sa jirgin a kasuwa, ya kira ni in zo in tsaya masa. Mai sayen da yazo dattijo ne da ka ganshi kasan ya daɗe a harkar, ko injin bai nemi a tada ba, kai tsaye ya zaga baya ya duƙa yana karanta lambar jikin jirgin yana haɗawa da ta takarda. Sai ya ɗago yace sunanka kenan a nan? Mutumina yace a'a, na wanda na saya a wurinsa ne. Yace ina takardar injin? Shiru. Yace wannan bankin da aka rubuta a ƙasa fa, ina wasiƙar da ke cewa an gama biyansu? Nan ma shiru. Dattijo yayi godiya ya shiga motarsa. Bayan ya tafi mutumina ya dube ni yace malam wai meye laifin takardar nan, ba ga sa hannu ba? Nace ɗan uwa ɗauko wayarka mu duba sunan wanda ka tura wa saƙo lokacin da ka saya. Muka duba, ashe sunan da ke takardar ma ba na wanda ya sayar masa bane, na wani ne can kafin shi. Kenan jirgin ya wuce hannu biyu babu wanda ya sa shi a sunansa, kowa yana gudun dala ɗari biyar yana tura wa na gaba.

Wannan tsallaken suna da ake yi laifi ne a dokokin jihohi, ba wayo bane, kuma masu yinsa galibi masu saye su ɗan goge su sayar ne ba tare da lasisin dila ba. Su sun ci ribarsu sun ɓace, lambar wayar ma an canja. Wanda takardar ta ƙare a hannunsa shi zai yi ta yawo. Kuma kar wani yace ai sai kawai a rubuta sunan sabon mai saye a wurin da aka bari fayau shikenan. Eh wasu na yi, amma kaga fom ɗin canja suna yana neman bayanin mai sayarwa da sa hannunsa da farashi da ranar ciniki, waye zai sa hannun? In ka sa a madadin mutumin da baka taɓa gani ba ka shiga jabun takarda, wannan kuma ya wuce maganar tara.

Yanzu harajin. Amurka bata da harajin ciniki na tarayya, kowace jiha da nata, shi yasa in ka tambayi mutum uku zaka ji amsa uku kuma wataƙila duk gaskiya suka faɗa. In ka saya a wurin dila shi zai karɓa ya kai. In ciniki tsakaninku ne mutum da mutum, mai sayarwa baya karɓar komai, mai saye ne zai biya da kansa ranar da yaje canja suna, kuma nan ne mutane ke ruɗewa su ɗauka ai babu haraji tunda ba a shago aka saya ba. Akwai jihohin da suka yafe wa irin wannan cinikin, amma Texas bata yafe ba, Florida bata yafe ba, Kalifoniya ma haka. Abun da yafi ba mutane haushi shine jirgi ɗaya duk sanda ya canja hannu sai an sake biya, wanda ya saya sabo ya biya, na biyu ya biya, na uku ya biya. Ni kaina ina ganin abun da nauyi, jirgi ɗan shekara ashirin ana ta tatsarsa, amma haka dokar take, a kan cinikin ake biya ba a kan jirgin ba.

Bambancin jihohin kuwa ba kaɗan bane. Virginia kashi 2 ne kuma baya wuce dala 2,000 komai tsadar jirgi. South Carolina kashi 5 amma iyakarsa dala 500. Maryland kashi 5. Florida kashi 6 da ɗan ƙarin gunduma, tun 2010 suka sa iyaka dala 18,000, Texas ma a 2019 ta sa tata iyakar dala 18,750, wannan dai ba damuwar irinmu bace, na masu manyan jirage ne. Rhode Island tun 1993 ta cire harajin ciniki a kan jirage gaba ɗaya. Sannan ga jihohi biyar da basu da harajin ciniki na jiha tun asali, Alaska, Delaware, Montana, New Hampshire da Oregon.

Da mutum yaji haka sai dabara ta faɗo masa, ai sai in je Delaware in saya in dawo da shi. Sun riga ka tunani. Akwai harajin amfani, wanda jihar da zaka ajiye jirgin ka riƙa shiga ruwa da shi zata karɓa, kuma adadinsa daidai yake da na ciniki. In ka riga ka biya wani abu a jihar da ka saya galibi za a cire maka a karɓi cikon, in baka biya komai ba ka biya duka. Kalifoniya ma cewa tayi in ka shigo da jirgi cikin wata 12 da sayensa, ɗauka za a yi dama don amfani a can ka saya, kai ne zaka kawo hujjar akasin haka. Jirgi kuma ba abun ɓoyewa bane, yana ɗaure a marina, wato tashar da ake ajiye ƙananan jirage, da lamba ɓaro-ɓaro a hancinsa.

Sai ɗaya dabarar da kusan duk mai saye sai ya gwada: yallaɓai mu rubuta dala 3,000 mana a takarda maimakon 8,000, kai ba abun da zai rage maka. Wasu ma su ce a rubuta kyauta ce. Ni dai bana yi, kuma in aboki ya tambaye ni cewa nake kar yayi. Na farko ƙarya ce ka sa mata hannu, kuma a jikin fom ɗin an rubuta gargaɗi ƙarara cewa ba da bayanin ƙarya laifi ne da ake hukuntawa, sa hannunka na mai sayarwa yana nan kusa da nasa. Riba tasa, haɗari naku ku biyu. Na biyu ofisoshin ba yara bane, akwai littattafan ƙiyasin farashi irin na J.D. Power wanda da ake kira NADA, da BUC, in farashin da aka rubuta yayi ƙasa da hankali wasu jihohin zasu nemi bayani ko su lissafa da nasu ƙiyasin. Na uku shi mai sayen ma kansa yake cuta, ranar da aka sace jirgin ko rigima ta kai kotu, takardar da ya sa wa hannu cewa take dala 3,000 ya biya. Duk wannan don a tsira da kusan dala 300.

Abun da ya halatta kuma yake da amfani shine a raba farashi a takardar ciniki, jirgi kaza, inji kaza, tirela kaza, kayan ciki irin na'urar gano kifi da rigunan ceto kaza, da gaskiya ba da ƙari ba. A Texas dole ma ka raba tunda ofis biyu zaka je, in ka rubuta kuɗi dunƙule ɗaya sai a fara jayayya nawa ne na tirela nawa ne na jirgi.

Mu koma kan lambar da dattijon nan ya duƙa yana karantawa. Tun 1 ga Nuwamba 1972 doka ta wajabta kowane jirgi da aka ƙera ko aka shigo da shi Amurka ya zama da lamba mai harafi da adadi 12, ana buga ta a bangon baya ta ɓangaren dama daga sama. Ukun farko na kamfanin da ya ƙera ne, na ƙarshen suna nuna lokacin ƙira da shekarar samfuri, kuma daga 1984 ana ƙara buga kwafinta a wani ɓoyayyen wuri a cikin jirgin. Matsalar da ake yawan samu mai sauƙi ce amma tana tsayar da ciniki cak: wani ma'aikaci shekaru da yawa baya ya karanta S a matsayin 5, ko B a matsayin 8, takarda ta fito da kuskure, babu wanda ya lura har ranar sayarwa. Mai sayarwa ya duba wannan tun kafin ya sa talla, ya ɗauki hoton lambar, in bata dace ba yaje a gyara da sunansa, don shi za a saurara ba mai saye ba. In kuma kai ne mai saye kaga wurin lambar kamar an kankare ko an sake shafa masa fenti shi kaɗai, toh ka kama gabanka.

Maganar bashi ita tafi tsorata ni. In an sayi jirgi da rancen banki sunan bankin yana kan takardar mallaka, kuma ko an gama biya sunan baya fita da kansa sai bankin ya bada takardar sakewa. Mutane su gama biya su manta, bayan shekaru bankin ya haɗe da wani ko ya canja suna, neman wanda zai sa hannu ya zama aiki. In kuma ba a gama biya ba, bashin jirgin yake bi ba mutumin kaɗai ba, za a iya zuwa a ɗauke shi a ƙofar gidan wanda ya saya da kuɗinsa halal. Don haka in da sauran bashi ku haɗu a bankin, mai saye ya biya bankin nasu kai tsaye, ragowar ya ba mai sayarwa. A harkar ruwa ma akwai bashin da baya bayyana a kowace takarda, kuɗin marina da ba a biya ba, kuɗin makaniki, kuɗin jan jirgi in ya lalace a ruwa, a dokar teku irin waɗannan kan manne wa jirgin duk inda yaje. A South Carolina harajin dukiya da tsohon mai jirgi bai biya ba ma yana hana canja suna. Kira ɗaya zuwa marinar da jirgin ke kwana ka tambaya ko ana binsa wani abu bazai ci maka komai ba.

Wani abun kuma da ke haɗa mutane faɗa a banza: ba kowace jiha ke bada takardar mallakar jirgi ba. Tennessee bata bayarwa, Arizona da Maine ma haka, rajista kawai suke yi. Sai mutum daga Texas yaje Tennessee saye yace ina taitil, wato takardar mallaka, mai sayarwa yace babu, shi kuma ya ɗauka ɓarawo ne. A irin wannan abun da zaka karɓa shine katin rajista da sunan mai sayarwa a jiki da takardar ciniki mai ɗauke da lambar jirgi, gara ma a yi ta gaban notari, kuma ka kira ofishin jiharku tun kafin ka biya ka ji me zasu nema. An yi ƙoƙarin daidaita abun, a 2011 aka fitar da samfurin doka ɗaya ta takardar mallakar jirage don jihohi su ɗauka, Virginia ce ta fara, Florida tata ta fara aiki a 2023, har da sharaɗin a rubuta a takarda in gangar jirgin ta taɓa mummunan lalacewa. Amma har yanzu jihohi kaɗan ne suka ɗauka.

Manyan jirage kuma, masu tan 5 zuwa sama a ma'aunin ciki, kusan daga ƙafa 25 ko 26, ana iya musu rajistar tarayya a wurin rundunar tsaron gaɓar teku, ofishin yana Falling Waters a West Virginia, kuma sai ɗan ƙasa ne ake yi wa. Wannan ya shafi mutanenmu, in katin zama kawai gareka ka sayi irin wannan jirgin sai an cire shi daga rajistar tarayya ka koma ta jiha. Rajistar tarayyar kuma bata ɗauke harajin jiha, wasu na zaton tana ɗaukewa.

Kai mai sayarwa kar ka ɗauka da kuɗi sun shigo ka gama. In mai saye yayi irin abun da mutumina yayi ya jefa takarda a durowa, a kwamfutar hukuma jirgin naka ne har yanzu. In ya buge wani a tafki, ko ya gaji ya yasar da shi a bakin ruwa, wasiƙar gidanka zata zo. A Kalifoniya gunduma na karɓar harajin dukiya a kan jirgi duk shekara, kuma wanda sunansa ke kai ranar 1 ga Janairu shi ake aika wa, kuma sun ba mai sayarwa kwana 5 ya sanar cewa ya sayar. Texas ma akwai fom ɗin sanarwa. Ka cike sunan mai saye da ranar da farashi da hannunka kafin ka saki takardar, ka ɗauki hoton gaba da baya, ka ajiye kwafin takardar ciniki, in da hali ma ku tafi ofishin tare. In sunan mutum biyu ne a takardar, miji da mata misali, a duba ko duka biyun ake buƙatar sa hannunsu, galibi ya danganta da yadda aka haɗa sunayen. Kuma kar a yi gogewa ko shafa farin fenti a takardar mallaka, kuskure ɗaya sai a ce ka nemo sabuwa. Kuɗi kuwa a banki ake karɓa, cek ɗin bogi ya cika harkar nan, musamman masu cewa zasu turo fiye da kuɗin ka mayar musu da canji.

Yadda ta ƙare da mutumin nawa: mun nemo adireshin asalin mai sunan, ashe ya koma wata jiha, aka rubuta masa wasiƙa da hannu. Allah ya taimaka mutumin kirki ne, shima hankalinsa ya tashi da yaji jirgin har yanzu a sunansa yake, ya nemo kwafin takardar injin, ya kira bankin suka aiko da takardar sakewa don ya daɗe da gama biya. Da ya rasu ko yaƙi amsawa, hanyar da ta rage itace takardar mallaka mai lamuni, ka sayi lamuni a kamfanin inshora wanda galibi ake lissafawa a kan ninki ɗaya da rabi na darajar jirgin, ya zauna shekaru ko wani zai fito yace nasa ne, kuma masu saye basa son ganin irin wannan takardar. Mutumina yaje ofishin hukuma ya bayyana yadda abun ya faru, ya biya dala 500 ɗin da ya gudu tun farko, da tarar jinkiri kashi 10 a kai, da kuɗin ruwa na shekarun, da kuɗin takarda biyu. Garin neman ƙiba dai an samo rama. Kafin sababbin takardu su iso ta gidan waya sanyi ya shigo, masu neman jirgi sun ja baya, dole ya rage farashi tunda tafiya ta matso. Wanda ya saya shima yaje ya biya nasa kashi 6.25.

Tirelar ce kaɗai bata wahalar ba, don a Texas ƙaramar tirela da nauyinta da kaya bai wuce fam 4,000 ba ba dole sai da takardar mallaka ba, rasit ɗin rajista da takardar ciniki sun isa. Amma ita ma sai da muka sha neman lambarta, tsatsa ta cinye rabin farantin, da burushin ƙarfe da fitilar waya muka samu muka karanta.